Taskace Zafin Rana Ta Hanyar Sauyin Sinadarai

1.0 Gabatarwa

Rana ita ce tushen mafi yawan makamashin da ɗan'adam yake amfani da shi. Itacen girki hasken rana ne da bishiya ta tara a jikinta cikin shekaru, haka kuma gawayin ƙasa da man fetur ragowar halittu ne da suka rayu da hasken rana a zamani mai nisa. Idan gari ya yi garau da tsakar rana, kowace murabba'in mita ɗaya ta doron ƙasa takan sami ƙarfin da ya kai kimanin wat 1,000. Saboda haka ba ƙarancin wannan makamashi ne yake damun masana ba, abin da yake damun su shi ne saɓanin lokaci. Rana takan faɗi a daidai lokacin da ake ɗora tukunya, ake kunna fitilu. A ƙasashen Turai kuwa saɓanin ya fi haka tsanani, domin rana takan wadata a lokacin zafi, ta yi ƙaranci a lokacin hunturu da ake matuƙar bukatar ɗumama gidaje. Bugu da ƙari, kimanin rabin makamashin da duniya take amfani da shi a matsayin zafi ake bukatarsa, wato wajen girki da ɗumama gidaje da ayyukan masana'antu.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wata hanya da masana kimiyya suka daɗe suna bincike a kanta don warware wannan saɓani, wato taskace zafin rana ta hanyar sauyin sinadarai. Za a fara da waiwayar sauran hanyoyin ajiye zafi, sannan a bayyana ƙa'idar da wannan hanya ta ginu a kanta, a kawo misalan gwaje-gwajen da aka yi, daga nan a dubi dalilan da suka sa har yanzu ba ta shiga kasuwa sosai ba. A duk inda aka ambaci digiri a wannan maƙala, ana nufin digiri na ma'aunin Selshiyas.

2.0 Sauran Hanyoyin Ajiye Zafi

2.1 Ɗumama Abu

Hanya mafi sauƙi kuma mafi daɗewa ita ce a ɗumama wani abu, a lulluɓe shi, a ci gajiyar zafinsa daga baya. Wannan ita ce hikimar fulas ɗin shayi, ita ce kuma ta sa katangar ɗakin ƙasa take fitar da ɗumi da dare bayan ta wuni tana shan rana. Kilo ɗaya na ruwa yana ɗaukar kimanin kilojul 4.2 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya.

Manyan tashoshin lantarki masu aiki da zafin rana wannan hanya suke bi, sai dai a maimakon ruwa, narkakken gishiri suke ɗumamawa. Gishirin ba irin na miya ba ne, gaurayen sodiyam-naitiret ne kashi 60 cikin ɗari da fotasiyam-naitiret kashi 40. Madubai masu yawa sukan tattara hasken rana su cilla shi wuri guda, zafin ya shiga gishirin, a tura shi cikin wani ƙaton tanki. Da dare sai a yi amfani da shi a tafasa ruwa, tururin ya juya injin lantarki. Tashar Andasol ta farko da ke lardin Garanada a ƙasar Sifen, wadda ta fara aiki a 2008, tana da gishiri kimanin tan 28,500, wanda yake ba ta damar samar da megawat 50 na tsawon awa bakwai da rabi bayan faɗuwar rana. Tashar Gemasolar da ke kusa da birnin Sebiya, wanda Larabawa suka sani da Ishbiliya, ta fara aiki a 2011 da ajiyar awa 15, kuma gishirinta yakan kai digiri 565. A nahiyar Afirka akwai tashoshin Noor da ke Warzazat a ƙasar Maroko.

Raunin wannan hanya a fili yake. Komai kaurin abin da aka lulluɓe tanki da shi, zafi sai ya yi ta sulalewa a hankali, don haka ajiyar ta awoyi ce ko ta 'yan kwanaki, ba ta watanni ba. Gishirin kuma yakan daskare idan zafinsa ya sauko wajen digiri 220 zuwa 240, ya toshe bututu, sannan yakan fara lalacewa idan ya haura digiri 600.

2.2 Narkewa Da Daskarewa

Hanya ta biyu ta dogara ne a kan zafin da abu yake sha yayin narkewa ba tare da ma'aunin zafinsa ya motsa ba. Masanin kimiyya Joseph Black na ƙasar Sukotlan ne ya bayyana wannan a farkon shekarun 1760. Alal misali, kilo ɗaya na ƙanƙara yana shan kilojul 334 kafin ya zama ruwa, alhali yana nan a digiri sifiri. Idan abin ya sake daskarewa, sai ya mayar da zafin da ya sha. A 1948 Mária Telkes, wata masaniya 'yar asalin ƙasar Hangari, ta gwada wannan dabara a wani gida da aka gina a garin Dover na jihar Masacusets ta Amurka, inda ta yi amfani da wani gishiri da yake narkewa a wajen digiri 32. Gidan ya yi aiki na 'yan shekaru kaɗan, daga bisani gishirin ya rabu da ruwansa, ya kuma ci gangunan da aka zuba shi. Ita ma wannan hanya ba ta tsira daga yoyon zafi ba, tun da abin da aka narkar dole ne ya zauna da zafinsa har ranar da za a bukace shi.

3.0 Ƙa'idar Taskacewa Ta Sauyin Sinadarai

Abin da ake nufi da sauyin sinadarai shi ne rikiɗar abu zuwa wani abu daban, ta hanyar kwancewa ko ƙulluwar ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyin zarra. Wani sauyin yana shan zafi kafin ya auku, wani kuma yana sakin zafi. Ƙonewar itace sauyi ne mai sakin zafi, amma tafiyarsa ta hanya ɗaya ce, domin ba a mayar da toka da hayaƙi su koma itace. Irin sauyin da ake nema a nan shi ne mai kai-da-komo, wato wanda idan an ba shi zafi abu ɗaya zai rabu biyu, idan kuma aka sake haɗa biyun za su koma yadda suke, su saki zafin da suka sha. Ana iya tsara shi kamar haka:

(1) AB + zafi → A + B
(2) A + B → AB + zafi

Akwai misalin wannan da kowa ya sani. Filastar da ake ɗora karaya da ita a asibiti, wadda kuma ake yin silin da ita a gidaje, ana samun ta ne ta hanyar gasa dutsen jifsam a wajen digiri 150 har mafi yawan ruwan da ke ƙulle a jikinsa ya fita. Garin yana iya yin watanni a buhu babu abin da ya same shi, muddin bai sha danshi ba. Ranar da aka kwaɓa shi da ruwa sai ya ɗau ɗumi yana ƙanƙamewa, ya koma jifsam. Ɗumin nan da mai karaya yake ji a ƙafarsa wani yanki ne na zafin da garin ya sha tun ranar da aka gasa shi.

Daga wannan misali za a ga cewa aikin yana da matakai uku: matakin ɗura zafi, da matakin ajiya, da matakin sakin zafi. Muhimmin abin lura yana a mataki na biyu. Abin da ake ajiyewa ba zafi ba ne, abubuwa biyu ne da aka raba, waɗanda a shirye suke su sake haɗuwa. Ana iya barin su su huce sarai, a zuba kowanne a mazubinsa, a ajiye su wata shida ko shekara, ko ma a ɗauke su a mota zuwa wani gari. Matuƙar ba su haɗu ba, makamashin yana nan bai ragu ba. Wannan shi ne babban bambancin wannan hanya da biyun da suka gabata.

Abin da yake tantance inda sauyin zai fuskanta shi ne zafi da matsi. A 1884 masanin Faransa Henri Le Chatelier ya bayyana ƙa'idar cewa idan aka takura wa sinadaran da suke zaune a daidaito, za su karkata zuwa ɓangaren da zai rage takurar. Ma'ana, idan aka ƙara zafi sai sauyin ya karkata zuwa rabuwa, idan aka rage zafi ko aka ƙara matsin iskar da ta fita sai ya karkata zuwa haɗuwa. Kowane sauyi yana da mizanin zafin da yake juyawa a kansa. Bayan rikicin man fetur na 1973, wanda ya zaburar da bincike a kan makamashin rana, Wentworth da Chen na Jami'ar Hustan a Amurka sun yi amfani da wannan mizani a 1976 wajen tace sauye-sauyen da suka dace da wannan aiki.

4.0 Sinadaran Da Aka Gwada

4.1 Farar Ƙasa Da Ruwa

Sinadarin da ya fi jan hankalin masu bincike shi ne farar ƙasa irin wadda ake samu daga gasa dutse. Tana da siffa biyu: ƙonanniya, wadda masana suke rubutawa CaO, da jiƙaƙƙiya, wato Ca(OH)2. Magina sun daɗe da sanin cewa idan aka zuba wa ƙonanniyar ruwa takan yi zafi har ruwan ya tafasa. Sauyin yana tafiya kamar haka:

(3) jiƙaƙƙiyar farar ƙasa + zafi → ƙonanniyar farar ƙasa + tururi
(4) ƙonanniyar farar ƙasa + tururi → jiƙaƙƙiyar farar ƙasa + zafi

A matsin iska na yau da kullum wannan sauyi yana juyawa ne a wajen digiri 510, wanda ya yi daidai da zafin da injinan lantarki masu aiki da tururi suke bukata. Kilo ɗaya na jiƙaƙƙiyar farar ƙasa yana iya ɗaukar kimanin kilojul 1,400. Don a ga girman wannan adadi, sai a kwatanta nauyin da ake bukata wajen ajiye zafi na megawat-awa ɗaya. Da ruwan da aka ɗumama daga digiri 20 zuwa 90, ana bukatar kimanin tan 12. Da narkakken gishiri tsakanin digiri 290 da 565, ana bukatar kusan tan 9. Da farar ƙasa kuwa, a lissafi, bai kai tan 3 ba. Ga shi kuma tana da araha, ana samun ta kusan ko'ina, abokin haɗinta kuma ruwa ne kawai.

Tun a 1977 wani mai bincike a Amurka, Guy Ervin, ya nuna cewa ana iya maimaita wannan sauyi sau da yawa ba tare da sinadarin ya mutu ba. A shekarun 2010 Cibiyar Binciken Sararin Samaniya ta Jamus ta gwada shi a birnin Kolon da na'ura mai ƙarfin kilowat 10. A 2019 kuma kamfanin SaltX na ƙasar Suwidin da kamfanin lantarki na Vattenfall suka kafa na'urar gwaji a tashar Reuter da ke Balin, wadda aka tsara ta ɗauki megawat-awa 10. Wannan na'ura da wutar lantarki ake ɗura mata zafi, ba da madubai ba, amma ƙa'idar duk ɗaya ce.

4.2 Dutsen Farar Ƙasa Da Iskar Kabon

Shi kansa dutsen da ake samun farar ƙasa daga gare shi, wato CaCO3, yana da nasa sauyin mai kai-da-komo. Joseph Black ɗin da aka ambata a baya shi ne ya gano a shekarun 1750 cewa nauyin da dutsen yake rasawa idan an gasa shi na wata iska ce da take fita daga cikinsa, wadda a yau ake kira kabon-dayoksaid. Iskar ta kai kashi 44 cikin ɗari na nauyin dutsen.

(5) dutsen farar ƙasa + zafi → ƙonanniyar farar ƙasa + kabon-dayoksaid

Wannan sauyi yana bukatar zafin da ya kai wajen digiri 900, kuma kilo ɗaya na dutsen yana ɗaukar kusan kilojul 1,800. Idan aka mayar wa ƙonanniyar farar ƙasar iskarta, takan saki zafi mai tsanani da ya zarce abin da narkakken gishiri zai iya jurewa. Amfanin wannan shi ne, gwargwadon tsananin zafin da aka ba injin lantarki, gwargwadon yawan wutar da zai fitar daga adadin makamashi guda. Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna SOCRATCES, wanda ya fara a 2018, aka kafa ƙaramar na'urar gwajin wannan hanya a Sebiya. Wahalar da ke nan ita ce iskar da ta fita dole a matse ta a adana ta a tankuna masu ƙarfi, kuma matsewar ita ma tana cin makamashi.

4.3 Amoniya

Amoniya ita ce sinadarin da ake yin takin zamani irin yuriya da ita. Ana haɗa ta ne daga iskar naitirojin da ta haidirojin bisa hanyar da Fritz Haber ya gano a 1909, Carl Bosch kuma ya mayar da ita sana'ar masana'anta a garin Oppau na Jamus a 1913. Haɗawar tana sakin zafi mai yawa. A shekarun 1970 Peter Carden na Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya da ke Kanbera ya kawo shawarar a juya lamarin: da rana a yi amfani da madubi mai siffar tasa a fasa amoniya zuwa iskokinta biyu a zafin da ya kai wajen digiri 700, da dare kuma a sake haɗa su a karɓi zafin.

(6) amoniya + zafi → naitirojin + haidirojin

Wannan hanya tana da fa'idodi guda biyu. Ta farko, masana'antu sun fi shekara ɗari suna haɗa amoniya, don haka an san na'urorin da sinadaran da suke zaburar da sauyin. Ta biyu, a ƙarƙashin matsi mai ƙarfi amoniya takan zama ruwa idan ta huce, ta kwanta a ƙasan tanki, iskokin biyu su tsaya a sama, don haka tanki ɗaya ya isa, kuma ba za su haɗu da kansu ba sai an bi da su ta kan sinadarin zaburarwa. A 1999 Keith Lovegrove da Andreas Luzzi da abokan aikinsu a wannan jami'a suka gudanar da cikakken zagayen, da madubi mai faɗin murabba'in mita 20. Abin da ya dabaibaye hanyar shi ne tsadar tankunan da za su riƙe iska mai yawa a matsin da ya ninka na sararin duniya sau ɗari ko fiye.

4.4 Tsatsar Ƙarafa Da Gishiri Mai Shan Danshi

Akwai wasu ƙarafa da suke haɗuwa da iskar oksijin su zama wani nau'in tsatsa, wadda take sakin wani ɓangare na oksijin ɗin idan ta sha zafi sosai, ta kuma sake shan sa idan ta ɗan huce. Tsatsar ƙarfen kobal tana yin haka a wajen digiri 900. Kyawun wannan shi ne ba sai an adana wata iska ba, domin iskar da muke shaƙa ita ce take kai zafin, ita ce kuma take ba da oksijin. Sai dai kobal yana da tsada, yana da illa ga lafiya, kuma mafi yawansa daga ƙasa ɗaya ake haƙo shi, wato Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Manganis ya fi shi araha, amma zafin da yake ɗauka bai kai na kobal ba.

A ɗaya gefen kuma akwai bukatar zafi mai sauƙi, irin na ɗumama ɗaki da ruwan wanka. A nan ana amfani da gishirin da suke shan danshi suna sakin zafi. Ana busar da gishirin da zafin rana a lokacin bazara, a rufe shi ruf, idan hunturu ya zo a bi da iska mai danshi ta cikinsa. Masu bincike a birnin Eindhoven na ƙasar Holan sun mai da hankali a kan fotasiyam-kabonet, wanda shi ne babban sinadarin da ke cikin ruwan toka da ake tacewa don miya da sabulu. A cibiyar Empa ta ƙasar Suwizalan kuwa, ruwan soda mai kauri irin na yin sabulu aka gwada, wanda yake yin zafi idan ya sha tururi.

5.0 Inda Gizo Yake Saƙa

Tambayar da za ta zo wa mai karatu ita ce: in dai wannan hanya ta fi ɗaukar zafi, ba ta kuma yoyo, me ya sa bayan kusan shekara hamsin na bincike manyan tashoshi suke ci gaba da dogara ga narkakken gishiri? Amsar ba a ƙa'idar take ba, domin ƙa'idar ta tabbata. Amsar tana ga halayyar kayan aikin idan aka yi ta maimaita sauyin.

Matsala ta farko ita ce gajiyar sinadari. Tashar da za ta yi shekara 30 tana ɗura zafi kullum tana saki, za ta yi zagaye fiye da 10,000. Ƙonanniyar farar ƙasa tana shan iskar kabon ne ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ƙwayoyinta. Duk lokacin da aka gasa ta a digiri 900, ƙwayoyin sukan manne da juna, ƙofofin su toshe, kamar yadda tukunyar ƙasa take ƙanƙancewa ta yi tauri a wurin gashi. Cikin 'yan gomiyoyin zagaye, abin da take iya sha yakan ragu zuwa ƙasa da rabi. Ana rage wannan ta hanyar amfani da dutsen dolomait, wanda sinadarin magniziyam da ke cikinsa yake zama kamar ƙashi mai hana ƙwayoyin mannewa.

Matsala ta biyu ita ce shigar da zafi cikin gari da fitar da shi. Gari ba ya watsa zafi da sauri. Duk wanda ya taɓa tona toka da safe ya tarar da garwashi da ransa a ƙarƙashinta ya san haka. Gishirin da ya narke ruwa ne, famfo yana tura shi cikin bututu yadda ake so. Garin farar ƙasa kuwa yakan dunƙule, ya kumbura idan ya sha tururi, ya motse idan ya bushe, har ya buɗe wasu hanyoyi da tururin zai bi ya wuce ba tare da ya taɓa sauran garin ba. An gwada mulmula shi ƙwallo-ƙwallo, amma ƙwallayen sukan farfashe. An kuma gwada lulluɓe ƙwayoyin da wani siririn sinadari don su riƙa gangarawa kamar yashi. Har ila yau, gari yana da iska a tsakaninsa, saboda haka ribar da aka samu a nauyi takan ragu idan aka auna girman mazubi.

Matsala ta uku ita ce asarar da ake yi a bakin shiga da bakin fita. Gaskiya ne cewa ba a asarar komai a lokacin ajiya, amma idan aka bar sinadarin ya huce daga digiri 500, zafin jikinsa ya tafi, sai an sake ɗumama shi kafin ya yi aiki. Haka kuma a sauyi na (3), fiye da kashi ɗaya cikin uku na zafin da aka ɗura yana tafiya ne tare da tururin. Idan tururin ya koma ruwa ba a ci gajiyar zafinsa ba, an yi asarar wannan kaso, tun da sai an sake tafasa ruwan kafin sauyi na (4). Saboda haka nasarar tasha ta dogara ne a kan yadda aka tsara ta ta riƙa kama waɗannan zafafan tana mayar da su cikin aiki.

Matsala ta huɗu ta kasuwa ce. Daga 2010 zuwa farkon shekarun 2020 farashin faranti mai mayar da hasken rana lantarki da na batirin litiyam ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari. Don ajiyar lantarki ta 'yan awoyi, batir ya riga ya kama wuri. Filin da ya rage wa sauyin sinadarai shi ne inda batir da gishiri suka gaza, wato ajiya ta makonni da watanni, da zafi mai tsanani da masana'antu suke bukata, da kuma ɗaukar zafi daga wuri zuwa wuri.

6.0 Abin Lura Ga Nijeriya

Wannan bincike a Turai da Amurka da Ostireliya aka fi yin sa, amma yana da alaƙa da ƙasar nan ta fuska guda. Nijeriya tana da dutsen farar ƙasa a sassa da dama, kamar Kalambaina a Sakkwato, da Ashaka a Gombe, da Gboko a Binuwai, da Obajana a Kogi, da Ewekoro a Ogun, da Nkalagu a Ebonyi, da Mfamosing a Kuros Riba. Sauyi na (5) shi ne matakin farko na yin siminti, kuma masana'antun siminti suna gudanar da shi dare da rana, sai dai da gas ko gawayin ƙasa suke samar da zafin, iskar kabon kuma ta tafi sama. Wato ke nan kayan aikin da sanin sarrafa su ba baƙi ba ne a nan.

Amma ya kamata a yi hattara da ɗaukar cewa duk inda rana take da zafi madubai za su yi aiki. Madubi ba ya tattara sai hasken da ya zo kai tsaye daga ƙwayar rana. Gizagizan damina, musamman a kudu, da hazon hunturu a arewa, suna warwatsa hasken, ƙurar kuma tana kwanciya a kan madubai, sai an wanke su da ruwa a wuraren da ruwan yake da wuya. Wannan ya sa darasin na'urar Balin yake da muhimmanci, domin ta nuna cewa ana iya ɗura wa farar ƙasa zafi da lantarki, lantarkin kuwa yana iya fitowa daga farantan da suke aiki ko da akwai hazo.

7.0 Kammalawa

A wannan maƙala an nuna cewa ɗumama abu da narkar da shi duk suna ajiye zafi ne a matsayinsa na zafi, shi ya sa yake sulalewa. Sauyin sinadarai kuwa yana mayar da zafin rabuwa tsakanin abubuwa biyu, rabuwar da ba ta raguwa da daɗewa. An kawo misalan farar ƙasa da ruwa, da dutsenta da iskar kabon, da amoniya, da tsatsar ƙarafa, da gishiri mai shan danshi, kowanne da mizanin zafin da ya dace da shi, tun daga ɗumama ɗaki har zuwa digiri 900. An kuma ga cewa abin da ya tsayar da hanyar a matakin gwaji shi ne gajiyar sinadari, da wuyar sarrafa gari, da asarar shiga da fita, da gasar kasuwa.

Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya. Manomi ya daɗe da sanin yadda zai kai amfanin damina zuwa rani ta hanyar rumbu, amma har yanzu ɗan'adam bai mallaki rumbu mai araha da zai kai zafin bazara zuwa hunturu ba. Ranar da aka sami ƙwayar farar ƙasa da za ta jure zagaye dubu goma ba ta dunƙule ba, da na'urar da za ta riƙa juya ta cikin sauƙi, to an sami wannan rumbu. A kan waɗannan abubuwa biyu ne aikin masu bincike ya fi ta'allaƙa a yau.